Littafi Biyu na Magatakardan Behram Aga

Ni ne Nazmi, mai alƙalamin gidan Behram Aga,
a wani kwari can bayan Tarabzon,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
gajimare kuma kan sauko ya kwana a rufin ɗaki.

Littafi biyu nake riƙo.
Na Istanbul ya ce tumaki ɗari huɗu,
gidaje saba'in, rabinsu na marayu.
Ɗayan yana ƙarƙashin buhun gishiri.
Shi ya san tumakin dubu uku ne,
ya kuma san sunan tudun da suke hawa
duk ranar da aka hango dokin manzo a kan gada.

Kada ka ɗauka maigidana waliyyi ne.
Abin da ya ɓoye wa Sarki
bai taɓa komawa rumbun talaka ba.
Tsohuwa Gulizar ta faɗa mini a bakin rafi:
"Kyarkeci biyu ke jan tunkiyata.
Na gida dai ya san sunan jikokina,
yakan bar mini ƙafa ɗaya."

Manzo ya iso ranar Talata,
da takalmin da bai saba da taɓo ba.
Muka yanka rago, muka dafa gahawa,
muka yi masa kukan talauci da baki mai maiƙo.
Ya gyaɗa kai. Shi ma ya iya lissafi.
Da dare aka rataya jaka biyu a sirdinsa,
da safe bai tambayi me ya sa doki ke nishi ba.

Sannan ya fito da akwati.

Irinsa aka kai wa agan kwarin gabas bara waccan.
A ciki, igiyar siliki kamu uku,
wadda ba a ɗaure kaya da ita.
Zaure ya yi tsit har ina jin garwashi na tsagewa.
Mutumin da ke da bindiga ɗari biyu a bayan dutse
ya sumbaci hatimi, ya ɗora a goshi,
yatsunsa na rawa kamar na mai masassara.

Alkyabba ce. Koriya, wuyanta gashin dila.
Ta yi masa tsawo, tana sharar ƙasa;
telan fada ba ya aunawa, kowa yake ɗinka wa.
Aka harba bindiga, mata suka rangaɗa guɗa,
manzo ya jira hayaƙi ya lafa
ya karanta layin ƙarshe:
Sarki ya ji labarin ƙwazon Dursun,
ya ba shi gurbi a makarantar fada.
Ci da sutura kyauta.
Na duba takardar gaba da baya, babu ranar dawowa.

Dursun. Ma'anarsa, a bar shi ya zauna.
Uku suka riga shi shiga ƙasa kafin yaye.

"Girma ne," in ji Behram Aga ga jama'a.
Ni kuwa na gan shi da asuba a barga,
yana ƙara wa likkafar yaron huda,
don ƙafarsa ba ta kai ba.

Tun daga nan tumakinmu suka fara haihuwa
a littafin Istanbul:
bana dubu, baɗi dubu biyu.
Giɓin kuwa, tambayi Gulizar
ina ƙafar nan da ake bar mata.

Shekara shida, wasiƙa ta zo.
Rubutu kamar ado a jikin masallaci,
rabi Larabci, rabi Farisanci.
Uban ya ce in karanta, sannan ya ce in fassara.
Yaron na gaishe shi da gaisuwar da ake wa talakan Sarki.

Asu ya cinye wuyan alkyabba.
Gishiri ya ci gefen littafina.
Na rubuta kowace tunkiya, kowane buhun sha'ir,
har bashin da ba za a biya ba.
Yaron kaɗai ban san inda zan sa shi ba:
a wancan littafi kyauta ce,
a wannan kuwa na bar masa layi guda fari,
tsakanin haraji da asara.